Waƙar Ta'aziyyar Murtala Da Aka Tsinta A Adakar Baba: Amsa Ga Mai Sauraro Daga Rijiyar Zaki

  Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, don kuwa nauyinta ya fi ƙarfin a haɗa ta da wata. Waɗanda suka aiko da tambaya a kan taki da maganin ƙwarin wake su yi mana haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wasiƙar ta fito ne daga Rijiyar Zaki ta ƙasar Kano, daga wani bawan Allah manomi, wanda in an gama kaka yakan taɓa fataucin hatsi a kasuwar Dawanau. Ya sa sunansa, amma ya roƙa kada mu faɗa, tunda maganar ta cikin gida ce. Ya ce mahaifinsu ya rasu bara. Da aka zo rabon gado aka buɗe adakarsa, sai aka tarar da wasu takardu tara a naɗe cikin fata, rubutun ajami da tawadar zaure. Da aka karanta, ashe waƙa ce marigayin ya rubuta ta ta'aziyyar Janar Murtala Ramat Muhammad a 1976, baiti sittin da uku. Babu wanda ya san da ita a cikin 'ya'yan, sai mahaifiyarsu ce ta ce ta tuna yana rera ta da dare a zaure a wannan shekarar.

To, daga nan kan gida ya rabu. Yayansa ya ce wannan makoki ne, makoki kuwa haramun ne, a ƙona takardun ko a binne don kada su zame wa tsohon nauyi a kabari. Ƙanensu kuma ya ce a'a, a samu mai murya ya rera, a ɗauka a waya a watsa duniya ta ji. Shi kuma mai wasiƙar yana tsakiya. Abin da ya fi damunsa shi ne akwai baiti bakwai a tsakiyar waƙar inda marigayin ya tsine wa waɗanda suka yi kisan, bai tsaya nan ba ya haɗa da mutanen ƙasarsu baki ɗaya. Ga shi kuwa abokan cinikinsa na shekara da shekaru mutanen Filato ne, yana aika musu gero da wake bashi, suna aiko masa da masara da acca. Yana tambaya: shin irin wannan waƙa ta halatta, kuma me zai yi da ita?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Kafin mu ce komai, ka je ka ɗauke takardun nan daga inda hannun mai fushi zai kai gare su. Abin da aka ƙona ba ya dawowa, shawara kuwa ana iya sake ta gobe.

Bari mu fara da tuna wa matasa ko wane ne aka yi wa waƙar, don da yawa a takardar naira ashirin kawai suka san fuskarsa. An haifi Murtala a birnin Kano a 1938. Ya zama shugaban ƙasa a ƙarshen watan Yuli na 1975, lokacin da soja suka ture Janar Yakubu Gowon yana can Kampala wajen taron shugabannin Afirka. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, cikin watan Safar na 1396, ya fito da safe daga gidansa a Ikoyi, Ikko, zai tafi ofis a barikin Dodan. Ba jiniya, ba ayarin motoci, haka ya saba. Motarsa baƙar Marsandi ta shiga gosulo, sai wasu sojoji da suka yi kwanton ɓauna suka buɗe mata wuta. Ya rasu yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka ne ya jagoranci yunƙurin, ya shiga gidan rediyo ya yi shelar juyin mulki, amma kafin dare abin ya wargaje. Aka kawo gawar Kano aka yi jana'iza, kabarinsa yana nan kusa da masallacin da ake kira da sunansa a Hausawa. Motar kuwa an ajiye ta a gidan tarihi na Onikan a Ikko, da hujin harsasai a jikinta.

Ku manoma ku lissafa da kanku. Ya hau mulki gero yana tsaye a gona, an gama noman farko. An kashe shi cikin rani, ana kai taki gona a kan jakuna, ruwan shuka bai sauka ba. Wato ko shekarar noma ɗaya bai cika ba, kwana wajen 200 ne duka-duka. A cikinsu ya ƙirƙiro sababbin jihohi bakwai suka zama 19, ya yanke shawarar a mayar da babban birni Abuja, ya sa ranar miƙa mulki ga farar hula, 1 ga Oktoba 1979, wadda Janar Obasanjo ya cika bayansa. Ya je Addis Ababa a watan Janairu na 1976 ya tsaya wa Angola, ya ƙi bin abin da Amurka take so. A ofisoshi kuwa ma'aikaci ya koyi zuwa aiki a kan lokaci, don kora ake yi ba wasa.

Kada kuma a manta halin da mahaifinka yake ciki sa'ad da ya ɗauki alƙalami. Ƙasar Kano ba ta daɗe da fita daga farin 1973 ba. A daminar 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin da manomi yake sayarwa ya yi sutura ya biya bukatun gida. Kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikatan birni, kaya suka yi tsada, na ƙauye bai samu komai ba sai tsadar. Mutumin da yake cikin wannan hali, ya ji an samu shugaba mai tsawata wa manya, kafin ya gama murna a ce an harbe shi a titi, ai dole abin ya tsaya masa a maƙogwaro. Ka ce a wasiƙarka Baba ya kwatanta shi da ruwan da ya sauko aka yi shuka, tsiro ya fito, sannan sama ta ɗauke. Wallahi da na karanta wannan wuri sai da na ajiye takardar na yi shiru. Wanda bai taɓa tsayawa a gona yana kallon tsiro yana ƙonewa ba, ba zai kawo wannan kwatanci ba.

Yanzu ga maganar Yaya. Yana da gaskiya ta wani gefe, kada ka raina shi. Addini ya hana kururuwa a kan mamaci, da marin fuska, da yaga tufafi, da maganganun da ke nuna ƙin yarda da hukuncin Allah. Zaman makoki ma kwana uku aka iyakance, in ban da matar mamaci mai takaba wata huɗu da kwana goma. Amma hawaye da baƙin cikin zuciya ba su shiga cikin hanin ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Waƙar da ake ambaton halayen mamaci na kirki a yi masa addu'a kuwa, Larabawa suna ce mata marsiyya, kuma tsohuwar hanya ce a wajen malamai. Hansa'u ta yi suna ne da marsiyyar ɗan'uwanta Sakhru, ta musulunta, ana karanta waƙoƙinta har yau. Hassanu ɗan Sabitu, mawaƙin Manzo, ya yi marsiyya da Manzo ya yi wafati, ya kuma yi wa Halifa Usmanu ɗan Affan da 'yan tawaye suka kashe shi a gidansa a Madina a shekara ta 35 bayan hijira. Ka ga ke nan waƙar juyayin shugaban da aka kashe ta girmi ƙasar nan da shekaru fiye da dubu.

A nan gida ma ba sai an je nesa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ba a yi mata gorin ilmi, ta rubuta marsiyyar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu. In ka duba yadda irin waɗannan waƙoƙi suke tafiya, za ka ga ana buɗewa da sunan Allah da salati, a faɗi zafin rashin, a jera halayen mamaci ɗaya bayan ɗaya, a roƙa masa gafara, a yi wa masu rai wa'azi, a rufe da salati. Jera halayen nan shi ne zuciyar abin. In mawaƙi ya ce marigayi ba ya cin dukiyar jama'a, ba ya tsare ƙofarsa ga talaka, to da mai rai yake magana, wanda ya hau kujerar a bayansa. Mudu ne ake ajiyewa don a auna na gaba.

Saboda haka ka zauna da Yaya, ku ɗauki takardun ku kai wa limaminku ko malamin da shi Yayan ya yarda da shi, a karanta baiti-baiti a gabansa. In akwai inda Baba ya yi jayayya da ƙaddara, malam zai nuna. Daga bayanin da ka yi mana dai, addu'a da ambaton alheri muka gani, kuma ɗa ba ya ƙona addu'ar da ubansa ya yi wa wani Musulmi.

Ba Baba kaɗai ya yi ba kuwa. A shekarun nan marubuta waƙoƙin Hausa suna da ƙarfi a Kano. Akwai ƙungiyar Hikima ta su Alhaji Mudi Sipikin, akwai Hausa Fasaha ta su Alhaji Aƙilu Aliyu, ana rera waƙoƙi a rediyo, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana bugawa. Malamin zaure a ƙauye yana jin su, shi ma yana da alƙalami da tawada, ya san ƙafiya tun daga Ishiriniya, me zai hana shi? A ƙasar Yarabawa ma manyan makaɗa irin su Sunny Ade da Ebenezer Obey sun fitar da faifai na juyayin Murtala a wannan shekara. Sai dai na birni da masu faifai an san da su. Irin ta Baba, wadda manomi ya rubuta don kansa da mutanen zaurensa, ita ce mai wuyar samu, don yawanci gara ce take cinye su ko a zubar ranar rabon gado.

To, sai baitocin nan bakwai. A nan ne zan daɗe, kuma a nan ne ba na tare da ƙanenka.

Baba ya rubuta su ne jini bai bushe ba. A makonnin nan ana ta kama sojoji, an harbe rukuni na farko a watan Maris, cikinsu har da Manjo-Janar Bisalla, kwamishinan tsaro. Dimka ya gudu, aka kamo shi a wajen Abakaliki, aka harbe shi ranar 15 ga Mayu tare da wasu, har da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai-Filato. Da yake da yawa daga waɗanda aka tuhuma mutanen wannan yanki ne, sai bakin jama'a ya tafi kan yankin gaba ɗaya. Mutumin da ke zaune a Rijiyar Zaki, labarinsa duk daga akwatin rediyo da bakin 'yan kasuwa, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka haka.

Amma mu da muka zo daga baya mun san abin da ya fi haka. Wanda ya yi shelar juyin mulkin da ya kawo Murtala a 1975, Kanar Joseph Garba, mutumin Langtang ne ta Filato, kuma shi Murtala ya ba harkokin waje. Wanda ya tsaya aka murƙushe Dimka a ranar, Janar Theophilus Danjuma, mutumin Takum ne, Kirista. Dogarin da ya mutu a mota ɗaya da shi Bayarabe ne, haka ma Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara, da aka kashe a wannan rana. To in an tsine wa ƙasa guda saboda Dimka, ina za a sa Garba? Alƙur'ani ya koya mana cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Mutumin da yake aiko maka da acca daga Filato, wataƙila ma ba a haife shi ba a 1976.

Kuma mun ga inda irin wannan take kaiwa. Shekara goma kafin Murtala, ranar 15 ga Janairu 1966, cikin azumi, aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna tare da matarsa Hafsatu, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko, sai gawarsa aka tsinta bayan kwanaki. Baƙin cikin Arewa na gaskiya ne, ba mai musu. Amma da aka juya shi daga kan sojojin da suka yi kisan zuwa kan ƙabilarsu, sai aka kashe dubban Ibo mazauna Arewa a wannan shekara, masu shago da makanikai da ma'aikatan jirgin ƙasa waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba. Daga nan sai yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Tarihin Musulunci ma ya nuna mana: rigar Halifa Usmanu mai jini da aka kai Dimashƙa aka nuna wa jama'a, kuka aka fara da shi, aka ƙare a filin Siffin. Waƙa ta fi riga saurin tafiya, balle yanzu da waya take kai ta Jos kafin ka gama shan fura. Kuma wanda zai tura ta gaba ba zai tura baiti sittin da uku ba, bakwai ɗin nan zai yanko.

Wani abin lura daga Amurka. Da aka harbe shugabansu Abraham Lincoln a 1865, wani mawaƙi Walt Whitman ya yi masa doguwar waƙar juyayi wadda har yau ake karantawa a makarantunsu. Ko sau ɗaya bai ambaci wanda ya yi harbin ba. Furen da ke tohowa a lokacin da aka yi rashin ya kama, da tauraro, da kukan tsuntsu. Ina ganin shi ya sa ta yi tsawon rai. Baitin Baba na ruwan shuka irin wannan ne, zai yi daɗin ji a bakin jikokinka. Na tsinuwar kuwa tun a 1976 suka gama aikinsu.

Sai dai kada ka ce na ce a yage su. A'a. Takardar amana ce, a bar ta yadda mai ita ya bar ta, don masu nazari su san yadda zuciyar manomin Kano ta tafasa a wannan wata. Abin da nake ba ka shawara shi ne, in za a rera a taro ko a ɗauka a waya, a tsallake bakwai ɗin, kuma a faɗa a fili cewa an tsallake wasu baitoci na fushi, kada a yi kamar babu su. Ka tambayi kanka ma, me ya sa Baba ya naɗe ta ya sa a ƙasan adaka, ya yi shekaru masu yawa bai nuna wa ko ɗayanku ba? Mai yiwuwa shi ma da ya huce ya ga abin da ka gani.

Wani abu kuma da ya kamata ƙanenka ya sani, tunda shi ne mai ɗokin watsawa. Marsiyya ba littafin tarihi ba ce, alherin mamaci kawai take ɗauka, haka aka gina ta. Murtala mutum ne, yana da nasa. Korar ma'aikata fiye da dubu goma da aka yi a zamaninsa ta haɗa da masu laifi da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba, wasu gidajen ba su farfaɗo ba. Yana cikin jagororin juyin mulkin Yuli 1966. A lokacin yaƙi, sojojin runduna ta biyu da yake jagoranta sun kashe farar hula masu yawa a Asaba a watan Oktoba na 1967, mutanen garin suna taron tunawa da su duk shekara. Wanda zai fitar da waƙar gaban duniya ya san cewa akwai masu saurare da wani ciwon daban, kada ya yi mamaki in sun amsa.

Game da adana ta kuwa, ga abin da za ka yi tun kafin damina ta shigo. Ka shimfiɗa kowace takarda a inuwa ka ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, bisa jerin da ka same su. Kada ka manna musu salatif, kada ka kai a rufe su da roba mai zafi, tawadar zaure ba ta son wannan. Ka sa su tsakanin farar takarda mai tsabta, ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara da laima. Sannan ka nemi dattijon da ya iya karatun ajami irin na da, ya karanta a hankali wani yana juyawa zuwa boko, don ajami ba ya bambanta wasu sautukan Hausa, yaro zai iya karanta maka wata kalma a maimakon wata. Ku duba baitocin ƙarshe da kyau. Marubutan da sukan sa sunansu a nan, da adadin baitoci, da shekarar da suka gama a cikin haruffa, abin da ake kira ramzi. In adadin da ya faɗa bai yi daidai da sittin da uku ba, to akwai takardar da ta ɓace, sai a koma adaka.

In kun yarda a gida, ka kai kwafi sashen Hausa na Jami'ar Bayero, ko Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, ko Arewa House a Kaduna, inda ake ajiye irin waɗannan takardu. Kwafi na ce, asalin ya zauna a gidanku, a hannun Yaya ma in ya sauko, tunda shi ne babba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. Ka ce Inna ta tuna yana rerawa. Takarda tana riƙe kalmomi, amma karin muryar da Baba ya ɗora waƙar a kai yana wajen Inna kaɗai. Ka je ka gaishe ta da daren nan, ka karanta mata baitin farko, ka roƙe ta ta yi maka yadda ta ji yana yi, ko da a hankali ne, ka ɗauka.

Malam na Rijiyar Zaki, ka rubuto mana ka gaya mana yadda kuka ƙare da Yaya. A gaida Inna, a gaida mutanen Dawanau. Jama'a, sai mako mai zuwa, inda za mu koma kan maganar taki. Assalamu alaikum.